Tukunyar Mietek Ba Ta Buɗe Ba

Ku da kuke ta rubuto min a ƙasan labarin nan cewa "kawai ka faɗa mata mana," na gani, na gode. Daga kan kujerarku abin ba wuya. Ni mutum ne da ya haura hamsin, ban taɓa aure ba, makaranta kuwa na bar ta tun gemu bai fito min ba. Idan na buɗe baki zan yi magana mai daɗi, sai in ji ta fito kamar ina korar kare daga gona.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Leszek. Ina noman kirizantema a cikin rumfar leda a bayan gidanmu, a wani ƙauye kusa da birnin Radom. Furen kabari ne, ba a kai wa mai rai. Shekara guda nake wahala saboda yini ɗaya, ɗaya ga Nuwamba, Ranar Tsarkaka, da kowa ke zuwa maƙabarta da tukunyar fure da kyandir. Bayan shingena akwai Lucyna, matar marigayi Mietek. 'Yarta Iwona tana aiki a Norway, za ta zo Ranar Tsarkaka, idan an gama ziyarar kabari ta tafi da uwarta, tafiyar da ba dawowa. Ni kuma ba na so ta tafi. Ga labarin nan gaba ɗaya, ba wani ƙari.

To, ranar da zan ba ku labarinta, saura mako guda da 'yan kwanaki.

Oktoban bana ya zo da rana kamar tsakiyar Yuli, lokacin zafinmu a nan. Mutanen gari suna murna, ni ina zagi. Idan fure ya kai gaɓar buɗewa ba ya son rana mai dukan kai. Farin sai gefensa ya yi ja-ja kamar an ƙona shi da dutsen guga, ruwan ɗorawa kuma ya koɗe, duk su buɗe da wuri su tsufa kafin ranar. Don haka na shimfiɗa ragar inuwa a saman rumfar, na buɗe ƙofofin biyu iska na ratsawa. Kullum da safe, idan raɓa ta bushe, ina bin layi ina cire ganyen ƙasa waɗanda suka yi ɗorawa, don iska ta shiga tsakanin tukwane kar fumfuna ta kama. Kaɗan-kaɗan ake cirewa. Koren ganye ba a taɓa shi, shi ke ciyar da furen.

Duk rumfar ta yi kyau, kawuna manya-manya kamar dunƙulen hannu. Ban da layi ɗaya, na jikin shinge. Shi kam kawunansa na nan a dunƙule, kore shar, kamar ba su san wata ya yi nisa ba.

Ina tsugune a wannan layin sai na ji ƙarar motar Yaya Bronka. Yayata ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Mama, ita ce kuma ke tsayawa tare da ni a bakin maƙabarta muna sayarwa. Ta shigo da jar rigar sanyinta mai zif da ba ya rufuwa, ɗankwali a ɗaure a haɓa, takalmin roba na mijinta a ƙafa.

"Har yanzu?" in ji ta, tana nuna layin da haɓa.

"Har yanzu."

"Tun watan Agusta nake ce maka ka rataya baƙar leda a gefen nan. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Kin faɗa, Yaya."

"Kai da ka san furen nan ba ya buɗewa sai ya sami dogon dare mai duhu. Ɗan ƙyallin ashana ma ruɗa shi yake. Ga fitilar tsakar gidan matar nan tana haske maka layi guda kamar filin ƙwallo, kana kallo. Ledar tana ina?"

"Tana cikin sito."

"Tana cikin sito! Ɓeraye take yi wa duhu?"

Na ci gaba da cire ganye. Ta matso ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Tsohon tuzuru, ka ɗauka ban sani ba? Idan ka rataya ledar ba ka ganin tagarta. Ka lalata layi guda don kallon labulen mace."

"Ba labule nake kallo ba."

"To me? Tukwanen girkinta? Ka ji ni da kyau, Leszek. Matar nan tafiya za ta yi. 'Yarta ta gyara mata ɗaki a can, har da gado mai ɗagawa da maɓalli, duk gari an sani. Ga Grazyna ta gidan waya, mace mai tsafta, da fanshonta, da haƙoranta na kanta. Sau nawa ta tambaye ni kai?"

"Grazyna tana atishawa idan ta shigo rumfar nan."

"Sai ta sha magani! Ni gwiwoyina sun ƙare. Idan na kwanta wa zai dafa maka? Furen kabari?"

Na ce mata zan je in sayo farar ƙasa in shafa wa ledar gefen kudu, don ragar ba ta isa wajen ba. Ta ce in je, za ta taya ni cire ganye kafin in dawo. Kuskurena ke nan, da na bar ta ita kaɗai.

Ina kan hanya waya ta yi ƙara a aljihu. Na tsaya gefen titi, don ni ba na iya karatu ina tuƙi, a zaune ma sai na bi da yatsa. Saƙon Lucyna ne.

*Maƙwabci, ya tukunyar Mietek? Zan leƙo da rana, na yi romon kaza da yawa.*

Bari in yi muku bayanin tukunyar nan. Tun da Mietek ya rasu, duk watan Satumba Lucyna ke zuwa ta zaɓi tukunya ɗaya ta farin fure, ta ɗaura mata jan zaren saƙa a baki. Ita za ta kai kabarinsa. Kullum kuma daga layin shinge take zaɓa, wai don ta riƙa hango ta daga kicin. Wato dai fitilarta ce ta hana furen mijinta buɗewa, ni kuma ban faɗa mata ba.

Na rubuta: *Lafiya lau take.* Na goge. Na rubuta: *Sai kin zo.* Na tura.

Da na dawo, tun daga ƙofar rumfa na ga haske ya yi yawa a gefen shinge. Na ajiye buhun na ruga.

Yaya Bronka ta yaye ragar inuwa daga kan layin gaba ɗaya. Ta kuma bi tukwanen ta zage musu ganye, kore da ɗorawa, tun daga ƙasa har kusa da wuya. Kararen na tsaye tsirara kamar ƙafar kaza da aka fige, kawunan a sama rana na dukansu kai tsaye. Ganye tuli a cikin baro.

"Yesu da Maryama! Yaya, me kika yi?"

"Taimakonka na yi. Ganyen ne ke shanye ƙarfin, yana kuma tare rana. Yanzu rana za ta shiga, su buɗe dole."

"Dole? Fure ne, ba ƙofar sito ba!"

"Kar ka ɗaga min murya."

"Da me zai ci abinci yanzu? Kin cire masa baki kin ce ya yi ƙiba. Ga ciwo a jikin kowane kara, fumfuna ta sami ƙofa. Ga rana a kai. Dube su, sun fara sunkuyar da kai tun yanzu!"

Ta duba. Ta ga gaskiya ne. Yaya Bronka ba ta ba da haƙuri, ba ta iya ba, gadonmu ne. Sai ta cire safar hannu ta jefa a baro.

"Da ka rataya ledar da ba a zo nan ba," in ji ta. Ta tafi, ta bugo ƙofar mota da ƙarfi.

Na mayar da ragar da sauri, na ninka ta biyu a wannan gefen. Sannan na tsaya a gaban tukunyar mai jan zare. Ita ma ba ta tsira ba. Ganye uku-huɗu a saman kowane kara, shi ke nan.

Nan ne Shaiɗan ya raɗa min. A tsakiyar rumfa akwai wata farar tukunya, ba ta da na biyu a bana, kawunanta sun buɗe daidai yadda ake so. Na kwance jan zaren na ɗaura mata, na ɗauko ta na ajiye a layin shinge, na tura ta asalin baya. Ku zage ni idan kuna so. Ni dai ba na so in ga ran Lucyna ya ɓaci.

Lucyna ta shigo wajen ƙarfe ɗaya ta ƙaramar ƙofar shinge, da tukunyar romo a naɗe cikin tawul. Rigar saƙa ce a jikinta, ruwan toka, mai maɓallan katako, wadda ta saƙa da hannunta. Ta yi gyaran gashi, na lura, an rage shi ya tsaya a wuya. Na ce a raina, gyaran tafiya ne wannan.

"Sannu da aiki, maƙwabci. Ka ci tun da zafi, na sa taliya a ciki."

"Na gode, maƙwabciya. Ga ta nan, kin gani? Ta buɗe."

Ta ajiye romon a kan benci. Ta sunkuya ta dubi tukunyar, ta dubi sauran layin da ke tsaye tsirara, ta sake duban tukunyar. Ta taɓa zaren da yatsa.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ke mana."

"Ni mai saƙa ce, Leszek. Ba na ƙulla zare kamar mai ɗaure buhun dankali."

Kunya ta rufe ni.

"Kuma jiya da yamma na hango ta daga kicin, kore ce. Ko Fada ya zo daga coci ya yi mata addu'a da dare?"

Ba yadda zan yi. Na jawo ta asalin daga baya na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallonta. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Yaya Bronka ce ta zage ganyen," na ce. "Tana so ta tilasta musu buɗewa."

"Me ya hana su buɗewa tun farko? Sauran duk sun buɗe."

Na duba ƙasa, na duba sama, ba inda zan ɓuya.

"Fitilarki ce."

"Fitilata?"

"Ta tsakar gida. Furen nan sai dare ya yi tsawo ya yi duhu sosai yake sanin lokaci ya yi. Idan haske na taɓa shi da dare sai ya ɗauka har yanzu bazara ce, ya yi ta jira. Layin nan tun Agusta bai ga duhu na gaske ba."

Ta dafe ƙirji. "Tun Agusta? Kana da baki, ba ka faɗa min ba?"

"Na ce mace ce ita kaɗai a gida, wataƙila tsoron duhu take. Ba zan je in ce ta kashe fitila saboda fure ba."

"To ba ku da wata baƙar leda da kuke ratayawa? Na ga Bronka tana ta masifa a kanta."

"Akwai."

"Me ya sa ba ka rataya ba?"

Ga wurin da kuke ta cewa in faɗa mata. To ga abin da ya fito daga bakina, ba ƙari ba ragi:

"Idan na rataya, ta ina zan san kin tashi lafiya? Kullum da safe sai na ga kin ɗaga labulen kicin nake fara aiki. Ran da kika yi mura ba ki ɗaga ba, ban cire ganye ko ɗaya ba."

Ta zauna a kan bencin, kusa da romon. Ta rufe baki da hannu. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take.

"Me abin dariya?"

"Ni ce mai tsoron duhu? Ni da na yi shekara da shekaru ina aikin dare a gidan burodi, ina dawowa da ƙafa ta cikin daji?"

"To don me kike kunna ta?"

"Bara, wajen wannan lokacin, ka fito rufe ƙofar rumfa da magariba, ka yi tuntuɓe da tiyon ban ruwa a jikin shingen nan. Na ji faɗuwarka daga ɗaki. Na kuma ji zagin da ka yi, har yanzu akwai kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Ka yi sati kana ɗingishi. Shi ne na sa aka maƙala min fitilar, aka karkato da ita wajenka."

Na tsaya kamar an dasa ni.

"Wato don ni..."

"Don wani sakaran tsoho kar ya karya wuya, babu mai jin sa."

Ta share ido da bakin tawul. Daga nan dariyar ta tsaya, ta sake duban tukunyar.

"Za ta rayu?"

"Idan ba a ƙara taɓa ta ba. Ba cire ganye, ba ruwa a ka sai a gindi, inuwa da rana, in rufe ƙofofi da wuri ta sami ɗumi. Ciwukan su bushe tukuna."

"Nuna min abin da zan yi."

Muka yi aiki tare har rana ta karkata. Ta riƙe min tsani na ɗaure ragar da kyau. Muka rarraba tukwanen don iska ta wuce, muka kwashe ganyen da ya zube a ƙasa kar ya ruɓe a wurin. Na nuna mata yadda ake taɓa kan furen da bayan yatsa, idan ya yi ɗumi to hasken ya yi masa yawa. Ta ce ashe kamar goshin yaro. Romon ya huce, na sha shi a haka, a tsaye.

"Za ta buɗe kafin ranar?" ta tambaya tana wanke hannu a bokiti.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Bakin zai ɗan yi fari. Buɗewa sosai sai tsakiyar Nuwamba, idan sanyi bai yi tsanani ba."

"Tsakiyar Nuwamba ina Norway."

"To kar ki tafi."

Haka na faɗe shi, kamar mai ce wa direba ya tsaya. Ta tsaya da hannu a cikin ruwa.

"Iwona ta sayi tikiti."

"Na sani."

"Ta yi wa ɗakin fenti. Yaranta sun zana min hoto sun manna a ƙofa."

"Na sani."

"Ka san komai, amma sai da ya rage mako guda ka buɗe baki." Ta goge hannu, ta ɗauki tukunyar romonta. A bakin ƙaramar ƙofa ta juyo. "Ka mayar da zaren inda na ɗaura shi. Ba na kai wa Mietek furen wani."

Ta shige. Na mayar da zaren. Na yi ƙoƙarin yi masa ƙulli mai kyau, bai yi ba.

Da yamma ina kicin ina yanka burodi, na ce a raina shi ke nan, na ɓata komai. Sai waya ta yi ƙara a kan tebur.

*Tukunyar nan zan kai, yadda take.*

Na rubuta: *Mutane za su yi magana. Kara ne tsirara.*

*Su yi. Amma bayana na ciwo, ba zan iya ɗaukarta ba. Kai za ka ɗauko min.*

*Zan kai miki da sassafe kafin mu fara ciniki.*

*Ba da sassafe ba. Lokacin da Fada ke zagaya kaburbura.*

Na ajiye wuƙar. Kun san lokacin nan. Kowane iyali na tsaye a gaban kabarinsu cikin kayansu mafi kyau, ana addu'a da baki, ido kuma na yawo yana duba wa ya zo, wa bai zo ba, wa ke tsaye kusa da wa. Ba a tsayawa a kabarin da ba na gidanku ba. Maƙwabci sai dai ya wuce ya ɗaga hula. Kuma daidai lokacin ne bakin maƙabarta ke cika da masu sayen fure a makare, har ni da Yaya Bronka ba ma samun damar haɗiye miyau.

Na rubuta: *Lokacin ina bakin ƙofa ina sayarwa.*

*Na sani.*

Na jira. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

*Iwona za ta tsaya a haguna. Ban faɗa mata komai ba tukuna. Idan na duba damana na ga ba kowa, zan hau jirgin.*

Ban gama haɗiye wannan ba wani saƙon ya shigo.

*Kana da kwat da ba ta warin taki?*

Na tashi na buɗe kabad. Kwat ɗaya ce a ciki, baƙa, kafaɗarta ta yi fari da ƙura. Ita na sa ranar jana'izar Mietek. Ba zan tsaya a kan kabarinsa da ita ba, kusa da matarsa.

Ni ban taɓa sayen tufa ni kaɗai ba a rayuwata. Na ɗauki waya na kira Yaya Bronka. Ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

"Idan zancen ganye ne, na kashe."

"Ba shi ba ne. Gobe ki raka ni Radom."

"Sayen me? Wata ragar?"

"Kwat."

"Kwat? Kai da ke yini da rigar leda a bakin maƙabarta, me za ka yi da..."

Ina jin talabijin ɗinta na magana a baya, sai na ji ta rage shi.

"Za ka bar ni ni kaɗai a bakin ƙofa," in ji ta a hankali. Ba tambaya ba ce.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya."

"Tun da aka binne Mama ba mu taɓa tsaya mata a wannan lokacin ba. Ko sau ɗaya. Kullum ka ce ciniki, kullum ka ce Mama za ta gane, sai yamma mu je a guje mu kunna mata kyandir kowa ya watse." Na ji ta kashe talabijin ɗin gaba ɗaya. "Leszek, faɗa min da bakinka. A kabarin wa za ka tsaya?"